Ciwon Daji Na Yara: A Zo Mana Tun Kafin Ranar Ta'aziyya

  Da alhazanmu 'yan kasuwa da 'yan'uwana ma'aikatan gwamnati musamman nake son in yi magana a wannan mako.

Kowa ya sani mu mutane ne masu kula da ta'aziyya. In aka yi rasuwa a unguwa, kafin a gama wanka an cika ƙofar gida, ɗan kasuwa ya bar yaronsa a rumfa, ma'aikaci ya nemi izni a ofis. Mata su yi ta kawo abinci har kwana uku, wani ya biya kuɗin likkafani, wani ya kawo tabarmi, wani kuma ya taso daga gari mai nisa don kawai ya yi gaisuwa ya koma. Wannan hali ne mai kyau, Allah ya bar mu da shi. Abin da nake roƙo shi ne mu ɗebi wani kaso na wannan zumunci mu gabatar da shi, mu kai shi bakin gadon asibiti tun yaro yana numfashi. Akwai wata cuta da ke ɗauke mana yara, wadda gudummawar wata guda kafin mutuwa ta fi taron kwana uku bayanta amfani nesa ba kusa ba. Cutar kuwa ita ce ciwon daji na yara, wanda waɗansu ke kira sankara, waɗansu kuma su ce kansa.

Ni ba likita ba ne. Ma'aikacin gwamnati ne, uba kuma wanda ya kai ɗansa makwanci saboda wannan ciwo. Abin da zan faɗa a ɗakin jinya na koye shi, daga bakin likitoci da ma'aikatan jinya, da kuma karatun da na yi ta yi bayan rasuwar, sa'ad da barci ya ƙaurace mini.

YADDA ABIN YA FARU

Yaron ɗan farina ne, saboda haka mai karatu zai yi mini uzuri in ban kama sunansa ba. Shekararsa 7, yana zuwa firamare da safe, da yamma ya tafi makarantar allo. Abin ya fara ne da ɗan kumburi a muƙamuƙinsa na hagu, haƙoransa biyu suka soma girgiɗa. Yaro mai waɗannan shekaru kuwa yana famfara, don haka girgiɗar haƙori ba ta ba kowa tsoro ba. A wani ƙaramin asibiti aka ce ciwon haƙori ne, aka cire guda, aka ba mu ƙwayoyi. Kumburin bai sauka ba, kafin mako ya zagayo ma kuncin ya ninka. Masu zuwa dubiya kowa da nasa bayani. Wannan ya ce hangum ne, waccan ta ce a kira wanzami ya yi sakiya, wani ya ce jifa aka yi, wani dattijo kuma ya ja ni gefe ya ce in daji ne kada in yarda a yi allura, domin daji ba ya son allura.

Daga wannan asibiti aka tura mu wani, daga can aka ba mu takarda zuwa babban asibiti. Kafin a yanki ɗan nama daga kumburin a duba shi, sakamako ya fito, makonni sun shuɗe. Likita ya zaunar da ni ya ce dajin kaluluwa ne, irin wanda ake kira da sunan Burkitt. Ya ce ciwo ne mai gudu ƙwarai, amma yana jin magani, abin da yake tsoro kawai shi ne ya riga ya kai ga ruwan laka da ƙwaƙwalwa.

Aka fara ba shi maganin da suke kira kemo, ta cikin ƙarin ruwa. Cikin 'yan kwanaki kumburin nan ya narke kamar man shanu a rana, yaro ya buɗe baki ya ci tuwo, mahaifiyarsa ta yi sujadar godiya. Muka yi watanni muna shiga muna fita. Gashin kansa ya zube, aka yi masa ƙarin jini ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Na sayar da filin da na tanada don gini, mahaifiyarsa ta sayar da 'yan kunnenta na zinariya, na kuma ci bashi a adashen ofis, har Allah ya nufa muka kammala dukan zagayen maganin. Bayan ɗan lokaci sai ciwon kai ya taso masa, ƙafafunsa suka mutu. Alkunyar ɗan fari a nan ta ƙare, domin ni nake goya shi zuwa bayan gida, yana tambayata, "Baba, yaushe za mu koma gida?" Wata asuba Allah ya karɓi abinsa.

Da ɗana kaɗai zan ba da labari, da na yi shiru na bar wa Allah, domin an yi masa duk abin da ɗan Adam zai iya yi. Abin da ya hana ni shiru shi ne yaron da ke gado na kusa da namu. Ciwonsu ɗaya da nawa, amma shi an kawo shi da wuri, har ma'aikatan jinya suna cewa a duk ɗakin ba wanda ya kai shi alamar tsira. Mahaifinsa manomi ne daga wani ƙauye mai nisa, a barandar asibiti yake kwana. Bayan zagaye na biyu kumburin yaron ya ɓace sarai. Ran nan da dare mutumin ya same ni yana naɗe tabarmarsa, ya ce, "Malam, na sayar da shanun noma, na jinginar da gona, ga yara shida a gida, ga damina ta kama. Tun da ya sami sauƙi, bari mu je mu gani." Bayan wata biyu suka dawo, kumburin ya fi na da, maganin kuma ya daina kama shi. Nawa ya rasu bayan an ƙure magani. Nasa ya rasu saura allura kaɗan.

Da aka yi zaman makokin ɗana, jama'a suka yi mini karar da ba zan manta ba. Aka kawo buhunan shinkafa, aka yi ta cusa kuɗi ƙarƙashin tabarmar da nake zaune. Da aka watse na ƙidaya abin da aka tara mini cikin kwana ukun nan, sai na ga ya isa ya biya ragowar maganin ɗan manomin nan har da kuɗin motarsu. Ba wanda ya yi rowa, ba kuwa wanda ya yi laifi. Alherin yana nan a hannun jama'a, hanyar da zai bi ya isa gadon wancan yaro a kan lokaci ce babu.

ABIN DA ILMI YA TABBATAR

Jama'a da yawa suna zaton daji ciwon manya ne, in kuwa ya kama mutum sai kabari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kowace shekara yara da matasa kimanin 400,000, daga jarirai zuwa 'yan shekara 19, suna kamuwa da shi a duniya. A ƙasashe masu arziki fiye da kashi 80 cikin 100 na waɗannan yara suna warkewa. A da yawa daga ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi kuwa, masu warkewa ba su kai kashi 30 cikin 100 ba. Ciwon ɗaya ne, jinin yaran ɗaya ne. Abin da ya raba su shi ne jinkirin gane ciwon, da kuskuren ɗaukarsa wata cuta dabam, da tsadar magani, da yanke jinya a tsakiya. Saboda haka ne a shekarar 2018 hukumar ta ƙaddamar da wani shiri na duniya, da nufin kafin shekarar 2030 aƙalla kashi 60 cikin 100 na yaran da suka kamu su riƙa tsira ko'ina suke.

Irin wanda ya kama ɗana kuwa tarihinsa a nahiyarmu yake. Wani likitan fiɗa ɗan ƙasar Ailan, Denis Burkitt, shi ya fara bayyana shi a shekarar 1958, bayan ya ga yara masu kumburin muƙamuƙi a asibitin Mulago da ke Kamfala ta ƙasar Yuganda. A shekarar 1961 ya yi tafiyar kimanin mil 10,000 a mota yana bin asibitocin gabashi da kudancin Afirka, ya gano cewa ciwon yana bin wuraren da ke da zafi da ruwan sama, watau inda zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu. A shekarar 1964 aka gano wata ƙwayar cuta a cikin naman da yake aikawa London, wadda ake kira Epstein-Barr, ita ce kuwa ƙwayar bairos ta farko da aka danganta da ciwon daji a jikin ɗan Adam. Masana sun nuna cewa haɗuwar wannan ƙwaya da yawan zazzaɓin cizon sauro tun yaro yana ƙarami ita ke share wa ciwon hanya. Ya fi kama yara 'yan shekara 4 zuwa 7, maza sun fi mata, kumburinsa kuwa yana iya ninkawa cikin kwana ɗaya ko biyu. Daɗin daɗawa, yana cikin ire-iren daji na farko da aka warkar da magani kaɗai ba tare da fiɗa ba. A cikin waɗanda suka tabbatar da haka akwai Victor Anomah Ngu, likita ɗan Kamaru wanda ya yi aikinsa a asibitin koyarwa na Ibadan, har aka ba shi babbar lambar yabo ta Lasker a Amurka a shekarar 1972 tare da Burkitt. Ashe ke nan fiye da shekara 50 da sanin maganin abin da har gobe yake kashe mana yara.

Ban da wannan akwai dajin jini, wanda ya fi kowanne yawa a yaran duniya, jinyarsa takan ɗauki shekara 2 zuwa 3. Akwai dajin ƙoda, wanda uwa kan fara jin sa kamar dutse a cikin yaro sa'ad da take yi masa wanka. Akwai kuma dajin ido, wanda ya fi kama 'yan ƙasa da shekara 5. Shi wannan in an gane shi da wuri, cire idon guda yakan ceci ran yaro, a ƙasashen da ake kai yara da wuri fiye da 9 cikin 10 suna rayuwa. Iyaye da yawa a nan in suka ji zancen cire ido sai su gudu da yaro, ciwon ya bi jijiya ya shiga ƙwaƙwalwa, a rasa idon a rasa mai idon.

Ya kamata kuma a sani ba a ɗaukar wannan ciwo. Cin abinci a kwano ɗaya ko kwana a shimfiɗa ɗaya ba ya kawo shi. Yawancinsa ba a san musabbabinsa ba, kimanin kashi 10 cikin 100 ne kawai ke da alaƙa da gado. Saboda haka zalunci ne a ɗora wa uwa laifi, ko a zargi kishiya, ko a hana yaran maƙwabta wasa da mara lafiya.

Maganar cewa daji ba ya son allura kuwa, na ga inda ta samo asali. Akan kai yaro asibiti ne bayan ciwo ya gama cin jiki, in aka taɓa shi ya cika sai a ce allura ce. Sa'an nan shi kansa maganin yana da wahala. Aikinsa shi ne kashe duk abin da ke saurin tsiro a jiki, don haka yakan haɗa da gashi da fatar baki da ɓargon da ke yin jini. Yaro ya yi ta amai, bakinsa ya yi gyambo, jininsa ya yi ƙasa, wanda bai sani ba sai ya ce ciwon ne ya ƙaru. Waɗannan duk suna wucewa, gashi ma yana sake fitowa. Haɗarin da ya fi wannan shi ne saukin da ake gani bayan zagaye na farko ko na biyu. Kumburi yana ɓacewa ne in an kashe mafi yawan ciwon, ragowar kuwa tana nan a ɓoye. Wanda ya tsaya a nan kamar manomi ne da ya yi noman farko ya ƙi yin maimai, ciyawar da za ta taso ta fi ta farko taurin kai.

ALAMOMIN DA ZA A KULA DA SU

Ina roƙon kowane magidanci ya karanta wa iyalinsa waɗannan alamomi. Na farko, farin ɗigo a tsakiyar baƙin idon yaro mai ƙyalli kamar idon kyanwa da dare, ko sabon harara-garke, ko ido ya turo waje. Na biyu, kumburi ko ƙullutu a muƙamuƙi, ko wuya, ko ciki, ko hamata, ko maraina, musamman wanda ba ya zafi amma yana ƙaruwa. Na uku, zazzaɓin da ya wuce mako 2 bai ji magani ba, tare da rama da kasala. Na huɗu, ɗashewar jiki, da yawan haɓo, ko jini daga dasashi, ko tabon jini a fata ba tare da an buge ba. Na biyar, ciwon ƙashi da ke ta da yaro daga barci ko ya sa shi ɗingishi. Na shida, ciwon kai mai naci tare da amai da sassafe, ko tangaɗi a tafiya, ko kan jariri ya riƙa girma fiye da kima.

Sau da yawa in an bincika akan tarar wata cuta ce mai sauƙi, sai a gode wa Allah. Amma in an sha maganin zazzaɓin cizon sauro ko na taifot har sau biyu ba canji, to, kada a koma kemis karo na uku. A nemi likita ya ba da takardar zuwa babban asibiti. Akwai asibitocin koyarwa a Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri da Jos, akwai kuma Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna. Kada kuma a bari a tsaga kumburin da ba a san kansa ba.

INA MATSAYIN ADDINI?

Wani zai ce ai kwana ne ya ƙare. Haka ne, ba mai wuce ajalinsa, da wannan imani ne ma na iya tsayawa a kan ƙafafuna ranar jana'iza. Amma ajali a ɓoye yake gare mu, abin da aka ɗora mana shi ne riƙon sababi, malamanmu kuwa sun karantar da mu cewa neman magani ba ya warware tawakkali. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya san zafin rashin ɗa fiye da kowannenmu, domin shida daga cikin 'ya'yansa bakwai sun rasu yana raye, Nana Faɗimatu kaɗai ta saura bayansa. Ɗansa Ibrahimu ya rasu a shekara ta 10 bayan Hijira bai cika shekara 2 ba, idanunsa masu albarka suka zubar da hawaye. A ranar aka yi husufin rana, mutane suka danganta shi da rasuwar, shi kuwa yana cikin baƙin cikinsa bai bar su a kan wannan zato ba, ya gyara musu. A nan akwai darasi ga duk wanda ke saurin jingina ciwon yaro ga jifa ko iska ba tare da hujja ba.

Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekarar 1111, ya lissafa ilmin likitanci cikin farillan kifaya a littafinsa Ihya'u Ulumiddini, watau abin da in waɗansu suka tsaya da shi an ɗauke wa saura, in kowa ya bari kuwa laifi ya hau kan al'umma duka. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, duk da nauyin mulki da ke kansa, ya wallafa littattafai a kan magani. Magabata kuma ba su tsaya a rubutu ba. A shekarar 1284 Sarkin Masar Ƙalawun ya gina babban asibiti a Alƙahira, ya tsayar masa da wakafi, ana jinyar mai kuɗi da matalauci kyauta.

A zamaninmu ma akwai abin koyi. A birnin Alƙahira akwai asibitin dajin yara da ake kira 57357, wanda aka buɗe a shekarar 2007. Sunan nan lambar asusun banki ce da jama'a suka riƙa zuba gudummawa a ciki har aka gina shi, yara kuwa kyauta ake jinyarsu. A birnin Lahor na Pakistan, Imran Khan ya rasa mahaifiyarsa saboda daji a shekarar 1985, ya bi gari gari yana neman taimako, har aka buɗe asibitin Shaukat Khanum da sunanta a shekarar 1994, zakka da sadaka kuwa suna cikin manyan abubuwan da ke riƙe da shi. Waɗannan mutane ba su fi mu imani ba, talakawansu kuma ba su fi namu wadata ba. Tsari suka fi mu.

ABIN DA ZA MU IYA YI

Bayan an share makoki na kai wannan magana ga limamin masallacin unguwarmu, muka zauna mu kaɗan, da 'yan kasuwa da ma'aikata da wani malamin asibiti mai ritaya. Muka buɗe littafi, kowa ya ɗauki abin da zai iya bayarwa duk wata. Ba mu da yawa, abin da muke tarawa kuma bai taka kara ya karya ba, amma mun koyi waɗansu abubuwa da nake son in miƙa wa masu karatu.

Na farko, a ɗauki yaro guda a kai shi ƙarshen jinya ya fi a rarraba wa goma abin da ba zai kai kowannensu ko'ina ba. Kafin a fara sai a tambayi likita zagaye nawa ne, nawa kuma za su ci. Na biyu, a biya kuɗin kai tsaye a wurin sayar da magani ko wurin gwaji, a karɓi rasit, a karanta lissafi a gaban jama'a duk wata, domin amana ita ce jarin wannan aiki. Na uku, kuɗin mota da abincin mai jinya suna korar iyaye kamar yadda kuɗin magani ke korarsu. Alhajin da ke da ɗaki a rufe kusa da asibiti, in ya buɗe shi ga matan ƙauye masu jinya, ya yi wakafi babba. Direban da ya ɗauki yaro da uwarsa kyauta ranar komawa asibiti, shi ma ya sa hannu a jinyar. Na huɗu, a sami mutum guda wanda aikinsa shi ne buga wa iyaye waya ana jibi ranar allura. Na biyar, jini. Yaran nan suna bukatar ƙarin jini a kai a kai, baligi mai lafiya kuwa yana iya ba da leda guda, wadda ba ta kai rabin lita ba, ya sake bayarwa bayan wata 3 ba abin da zai same shi. Mun rubuta sunayen samarin unguwa da rukunin jininsu, ko tsakar dare aka nema akwai wanda za a tasa.

A cikin yaran da muka tsaya musu akwai waɗanda Allah ya karɓa, akwai kuma wata yarinya mai dajin ƙoda wadda aka yi wa fiɗa, ta kammala maganinta, yanzu tana zuwa makaranta da ƙoda guda.

Ya ku alhazanmu na kasuwa, ku yi wannan lissafi da kanku, ku ne gwanayensa. In mutum 500 a kasuwa guda kowa ya ajiye Naira 2,000 a wata, an sami Naira miliyan 1 ke nan duk wata, ba wanda zai ji a jikinsa. Da yayyafi kogi kan cika. Zakkar dukiya kuma ɗaya ce bisa 40, uban da ciwon ɗansa ya talauta shi, ko bashin jinya ya yi masa kanta, yana cikin waɗanda shari'a ta ba su haƙƙi a cikinta. Sai a tuntuɓi malamai a kan yadda za a mallaka masa ita daidai da ƙa'ida. Jihohi da dama na Arewa suna da hukumomin zakka da wakafi, ya kamata a nemi su ware wani kaso sananne domin waɗannan yara.

Ku kuma 'yan'uwana ma'aikata, alƙalami yana hannunku. Ku ne ke rubuta takardun da ake tsara kasafin kuɗi da su, ku ne ke zama a kwamitoci. Ƙasar Gana ta shigar da jinyar ire-iren dajin yara guda 4 cikin inshorar lafiyarta tun shekarar 2022, watau na jini da na kaluluwa da na ido da na ƙoda. Abin da ya yiwu a can ba zai gagara a jihohinmu ba in an sami masu tsayawa a kansa. Malaman makaranta su lura da yaron da ya ɗashe ko ya fara ɗingishi. Ma'aikatan ƙananan asibitoci su riƙa tura yaro gaba da wuri in ciwo ya ƙi jin magani. Ranar 15 ga Fabrairu ta kowace shekara ita ce ranar tunawa da dajin yara a duniya, ina roƙon limamanmu su ware huɗubar Juma'ar da ta fi kusa da ita su faɗakar da jama'a, malaman Islamiyyar matan aure kuma su karantar da alamomin nan shida, domin uwa ce ke fara gani.

Ga iyayen da suke cikin wannan jinya a yanzu, kada kunya ta sa ku ɓoye halin da kuke ciki. Ciwo ba abin kunya ba ne, neman taimako don ceton rai kuma ba bara ba ce. Ku faɗa wa limaminku da shugaban kasuwarku da abokan aikinku tun kafin ku sayar da abin da kuke ci da shi. Ga waɗanda suka riga suka rasa nasu kuwa, na san yadda gida ke yin shiru, na san yadda uwa ke ajiye allon yaro ta kasa ba da shi. Abin da ya sassauta mini shi ne tsayawa a kan ɗan wani. Ku ne kuka san ƙofofin asibiti, kuka san inda ake samun magani na gaskiya, kuka san abin da za a faɗa wa uban da aka gaya masa labarin yau. Wannan ilmi da tsada kuka saye shi, kada ku bar shi a ɗaki.

Duk wanda ya karanta wannan, ina roƙonsa abu guda. Cikin wannan mako ya je ɗakin yara na babban asibitin da ya fi kusa da shi, ya yi sallama, ya tambayi ma'aikatan jinya wane yaro ne ake tsoron iyayensa ba za su dawo da shi zagaye na gaba ba. Sa'an nan ya kai sunan ga jama'ar masallacinsa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya saka wa likitoci da masu jinya da alheri, ya sanya yaran da suka riga mu su zama masu ceto ga iyayensu, ya kuma ba mu ikon taimakon juna tun taimako yana da amfani. Amin.